Akwatin Wasa na Hannu da Wayar Zamani: Tarihin Wata Gwagwarmaya ta Kasuwa, Daga Kyoto Zuwa Kano



Na san a cikinku akwai waɗanda tun da suka ga kan wannan lacca a jikin allon sanarwa su ke tambayar kansu, shin me ya haɗa malamin Hausa da kayan wasan yara, na Jafan ma kuwa? Tambayar tana bisa hanya. Amsar da zan bayar ita ce, a cikin shekara 20 da suka wuce wayar hannu ta haɗiye sana'o'i da kayayyaki masu yawa a gaban idonmu: agogo, da tocila, da rediyo, da kyamara, da kaset, har ma da littafi. Kaya guda ne na sani wanda waya ta kai wa bara, ta ji masa rauni ƙwarai, amma ta kasa haɗiye shi. Ina ganin ya kamata mutumin Kano, wanda kasuwa ce gadonsa, ya san yadda aka yi haka.

Bari mu fara daidaitawa a kan suna. Yaran Kano ba su wahalar da kansu ba, "gem" su ke cewa, ko ta hannu ce, ko ta talabijin, ko ta cikin waya. Ni kuwa zan ce akwatin wasa na hannu, watau 'yar na'urar nan mai allo da madannai wadda a ke sa wa kaset, wadda kuma ba ta da wani aiki sai wasa. Rashin wani aikin nan shi ne jigon maganarmu, domin abokiyar gabarsa, wayar zamani, ba abin da ba ta yi.

Ni dai na fara ganin irin wannan akwati a nan Nassarawa GRA, a farkon shekarun 1990, a hannun wani yaro maƙwabcinmu wanda mahaifinsa ya kawo masa tsaraba daga Ingila. Layi mu ke yi a ƙarƙashin darbejiya, kowa ya taɓa na ɗan lokaci. Sauranmu sai muka ƙare da wani ɗan ƙasar Sin da a ke sayarwa a kasuwar Sabon Gari, wanda aka rubuta a jikinsa wai wasa 9999 ne a ciki, alhali kuwa wasan jera tubali ne guda aka yi ta sauya masa riga. Idan batir ya mutu sai mu shanya shi a rana, ko kuwa mu ari na rediyon gida ba da sanin mai rediyon ba. Ku riƙe maganar batir ɗin nan, za mu dawo kanta.

Dabarar Yokoi

Kamfanin da ya yi akwatin maƙwabcin nan namu, watau Nintendo, ya girmi jirgin ƙasan Kano. A shekarar 1889 Fusajiro Yamauchi ya kafa shi a birnin Kyoto, kuma katin karta ya ke bugawa. Haka ya ci gaba fiye da shekara 70, har sai da kasuwar karta ta ja baya, jikan gidan, Hiroshi Yamauchi, ya shiga lalube. A 1965 aka ɗauki wani saurayi mai suna Gunpei Yokoi domin ya riƙa duba injinan buga karta. Shi ne ya zama mai ƙirƙiro kayan wasa na kamfanin. An ce wata rana yana cikin jirgin ƙasa ya ga wani ma'aikaci, zama ya ishe shi, yana ta latse-latsen na'urar lissafi don rage lokaci. Daga nan ya samo tunanin Game & Watch, wanda ya fito a 1980, aka kuma sayar da fiye da miliyan 43.

Abin lura a nan shi ne, Yokoi bai ƙago sabon allo ba. Allon na'urar lissafi ya ɗauko, wanda a lokacin ya riga ya yi araha saboda kamfanoni sun cika kasuwa da shi. Ra'ayinsa shi ne a nemi fasahar da ta kwana biyu, wadda aka san halinta kuma kuɗinta ya faɗi, a sa ta wani aiki da ba wanda ya taɓa tunaninsa. Duk wanda ya taɓa ganin maƙerin da ke mai da gwangwanin madara fitila, ya san wannan ra'ayi tun kafin a ba shi suna.

A kan wannan ra'ayi aka gina Game Boy, wanda ya fito a Jafan ranar 21 ga Afrilu, 1989. Allonsa ba launi, kore-kore ne mai duhu-duhu, kuma in dare ya yi sai an kunna fitila. A Amurka an sayar da shi dala 89.99, tare da kaset ɗin Tetris, wasan jera tubalin da Alexey Pajitnov ya tsara a Mosko a 1984. Nan da nan abokan hamayya suka taso da abin da ya fi shi kyau a ido. Atari ya fito da Lynx a 1989, Sega ya fito da Game Gear a 1990, dukansu masu allo mai launi da haske. Amma fa kowannensu batir 6 ya ke ci, kuma ba ya wuce awa 3 zuwa 5 ya zuƙe su, alhali Game Boy batir 4 ya ke ɗauka ya yi fiye da awa 10. Uban da ya sayi batir sau biyu a rana ɗaya ba ya bukatar wani ya yi masa lacca a kan tattalin arziki. Game Gear bai wuce wajen miliyan 11 ba. Game Boy da ƙanensa mai launi sun haura miliyan 118, musamman bayan da wasan Pokémon ya fito a 1996 ya sake hura wa tsohon akwatin rai.

Yana da kyau mu fahimci inda ribar wannan sana'a ta ke, don sai da haka za mu gane irin ɓarnar da waya ta yi. Akwatin kansa ribarsa kaɗan ce. Kuɗin yana cikin kaset. Wanda ya sayi akwati ya zama abokin ciniki na dole, domin kaset ɗin wani kamfani ba ya shiga, kuma duk mai son ya yi wa akwatin wasa sai ya biya Nintendo la'ada. Kamar mai kasuwa ne wanda ya ke da rumfar kansa a ciki, kuma ya ke karɓar kuɗin ƙofa daga sauran 'yan kasuwa.

Shigowar waya

Karon farko da waya ta taɓa wannan kasuwa, ba da niyya ta yi ba. A 1997 kamfanin Nokia na ƙasar Finlan ya sa wasan maciji a cikin wayarsa, don kawai mai waya ya sami abin rage zaman jira. Da wayar salula ta iso Nijeriya a watan Agusta na 2001, lokacin da kuɗin layi kaɗai ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na wata, macijin nan ya biyo ta, kuma ina kyautata zaton akwai manyan sakatarori a wannan zaure da suka yi kiwonsa a ƙarƙashin tebur ana tsakiyar taro. Da Nokia ya ga haka sai ya yi niyyar shiga sana'ar gadan-gadan, ya fito da N-Gage a 2003, rabi waya rabi akwatin wasa. Kuɗinsa dala 299, a lokacin da Game Boy na yayi ya ke dala 99. Kafin ka canja kaset sai ka buɗe baya ka cire batir, in kuma za ka amsa kira sai ka kafa gefensa a kunne kamar mai sauraron faranti. Bai karɓu ba. Masu akwatin wasa suka ɗauka ƙarshen barazanar waya ke nan.

Shekarun da suka biyo baya kuwa sai suka zama na kaka. A 2004 Nintendo ya fito da DS mai allo biyu, ɗaya ana taɓa shi da ɗan tsinke, Sony kuma ya fito da PSP mai ƙarfi da kyan hoto. Shugaban Nintendo na lokacin, Satoru Iwata, ya ƙi yin tseren ƙarfi da Sony. Sai ya tafi neman mutanen da ba su taɓa wasa ba: tsofaffi, da matan aure, da ma'aikata masu doguwar tafiya a jirgi. Aka yi musu wasan kiwon kare da wasan motsa ƙwaƙwalwa da lissafi. An sayar da DS miliyan 154, PSP kuma wajen miliyan 80. To, a cikin wannan nasara matsalar ta ke kwance, domin mutanen nan da Iwata ya tara ba masoyan akwati ba ne, masu neman abin kashe minti 10 ne, kuma duk inda suka sami wannan a sauƙaƙe can za su koma.

A 2007 Apple ya fito da iPhone, a 2008 ya buɗe kasuwar manhajoji, wayoyin Android kuma suka biyo baya a shekarar. A ƙarshen 2009 wani ƙaramin kamfani na Finlan ya saki Angry Birds a kan abin da bai kai dala ɗaya ba. Kaset ɗin DS kuwa dala 30 ne ko fiye. Ba a daɗe ba ma sai aka daina karɓar ko da dalar: wasa ya zama kyauta, kamar Candy Crush Saga na 2012, sai dai in ka maƙale a wani mataki a sayar maka da hanyar wucewa, ko a cika maka ido da talla. Mafi yawan masu wasa ba su biyan ko kwabo, 'yan kaɗan ne ke biya, amma suna biya da yawa. Ga shi kuma ba wanda ya sayi waya don wasa. Ya riga ya saye ta don kira da saƙo, wasan gyara ne aka ɗora masa. Yaya za ka yi gasar farashi da wanda ke ba da irin kayanka gyara?

Shekarar 2011

A watan Maris na 2011 Iwata ya tsaya gaban taron masu tsara wasanni a San Francisco ya gargaɗe su cewa in suka yarda wasa ya zama abin banza da a ke rabawa kyauta, to sana'arsu ce su ke kashewa, domin masu waya ba ruwansu da ingancin wasa, yawa su ke so. A wannan rana, a wani zaure da ke kusa, Apple ya ke nuna sabon iPad. Da yawa suka ce maganar Iwata kukan wanda kasuwa ta juya wa baya ne.

Watannin da suka biyo baya kamar sun gaskata su. Sabon akwatin Nintendo, 3DS, ya fito a watan Fabrairu a kan yen 25,000, ya ƙi tafiya. Kafin wata 6 ya cika aka karya kuɗinsa zuwa yen 15,000. A Amurka daga dala 249.99 zuwa 169.99. Kamfanin ya koma sayar da akwati a kan faɗuwa, ya ba waɗanda suka riga suka saya wasa 20 kyauta don ba su haƙuri, Iwata kuma ya zaftare rabin albashinsa. A ƙarshen shekarar kuɗi, watan Maris na 2012, Nintendo ya bayyana faɗuwar yen biliyan 43, irin wadda bai taɓa gani ba cikin shekara 30. Masu hannun jari suka taso masa: a daina ƙera akwati, a zuba Mario a cikin waya a kwashi kuɗi.

A nan ne hanyoyin kamfanonin biyu suka rabu, kuma a nan na fi so ɗalibai su buɗe kunne. Sony ya amsa wa waya da abin da ya saba, watau ƙarfi. A ƙarshen 2011 ya fito da Vita, na'ura mai kyau ƙwarai, mai allon shafawa da hanyar intanet, kusan a ce waya ce da ba ta kira. Sa'an nan ya ƙara wa kansa wahala da katin ajiya nasa na musamman mai tsada. Amma waya kowace shekara sabuwa ta ke fitowa, akwati kuwa sai ya shekara 6 ko 7 ba a canja shi ba, don haka duk ƙarfin da ka yi taƙama da shi bana, baɗi waya ta kamo ka. Da PlayStation 4 na talabijin ya karɓu daga 2013, sai Sony ya janye manyan masu tsara wasanninsa daga Vita, a 2019 kuma ya daina ƙera shi.

Nintendo ya karya kuɗin akwati, amma ya ƙi karya kuɗin kaset, ya kuma ƙi sakin Mario da Zelda da manyan wasannin Pokémon su fita daga gidansa. Da haka 3DS ya farfaɗo har ya kai wajen miliyan 76. Ku auna wannan da miliyan 154 na DS: rabin kasuwar ya tafi, kuma bai dawo ba. Rabin da ya rage kuwa su ne waɗanda ke son abin da babu shi a wani wuri. Wannan ya tuna mini da binciken marigayi Farfesa Philip Shea a kan rini da saƙa a ƙasar Kano. Yadin masaƙun Turawa ya kwashe kasuwar tufafin yau da kullum, amma turkuɗin Kura, mai baƙi da sheƙi, wanda Buzaye ke naɗawa, ya daɗe yana cin kasuwarsa, domin mai sonsa ba ya karɓar madadi.

Ba wai Nintendo ya ƙaurace wa waya ɗungum ba ne. A watan Maris na 2015, 'yan watanni kafin rasuwar Iwata, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin DeNA don yin wasannin waya. Abin da ya biyo baya akwai ban dariya a ciki. Da Pokémon Go ya fito a watan Yuli na 2016, duniya ta ruɗe, darajar hannun jarin Nintendo ta ninka cikin mako biyu. Sai kamfanin ya fito ya ce jama'a su yi hankali, wasan na kamfanin Niantic ne, abin da zai shigo aljihunsa kaɗan ne. Ranar ciniki ta gaba darajar ta faɗi da kusan kashi 18 cikin 100. A watan Disamba ya saki Super Mario Run, ya ce a ɗanɗana kyauta, mai son sauran ya biya dala 9.99 sau ɗaya. An sauke shi sau miliyan 200 kafin shekara ta zagayo, amma kamfanin da bakinsa ya ce ribar ba ta kai yadda ya so ba. Mutumin waya ya saba da kyauta. Tun daga nan Nintendo ya ɗauki waya tamkar ɗan talla mai yawo da samfur, ciniki na gaske kuwa sai a zo rumfa.

Rumfar ita ce Switch, wanda ya fito ranar 3 ga Maris, 2017, a kan dala 299.99. Dabararsa ita ce haɗe kasuwa biyu. Da can kamfanin yana ciyar da gida biyu, akwatin talabijin da akwatin hannu, kowanne da wasanninsa, har ya zama ba wanda ya ke ƙoshi. Wii U na talabijin bai kai miliyan 14 ba. Switch kuwa in ka ɗora shi a mazauninsa ya zama na talabijin, in ka zare shi ya zama na hannu, duk masu tsara wasanni kuma suka koma yi wa akwati ɗaya aiki. Ƙwaƙwalwar da ke cikinsa ta kamfanin Nvidia ce, irin wadda aka yi don na'urorin hannu, kuma ta shekara biyu a kasuwa kafin a ɗauko ta. Yokoi ya rasu tun 1997, amma ra'ayinsa ne ya yi aiki: masana'antar waya ce ta sa irin waɗannan kaya suka yi araha, Nintendo ya tsince su ya yaƙe ta da su. An sayar da Switch fiye da miliyan 150, kuma wasa guda, Mario Kart 8 Deluxe, ya haura kwafi miliyan 60 ba tare da an mai da shi na gwanjo ba. Da wasu suka ga hanya ta buɗe sai suka biyo, kamar Valve da ya fito da Steam Deck a 2022.

Mu dawo gida

Duk wannan gwagwarmaya, a gaskiya, ba a Kano aka yi ta ba, domin a nan waya ba ta tarar da abokin karawa ba. Akwatin wasa na asali bai taɓa wuce 'yan gidaje a unguwanni irin su Nassarawa da Bompai ba, mafi yawa kuma tsaraba ne ko gwanjo. Yaron cikin gari gidan gem ya ke zuwa ya biya kuɗin wasan ƙwallo a talabijin. Wanda ya ci kasuwarmu shi ne kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, kuma in kun duba da kyau za ku ga karatun Yokoi ya karanta: kaya masu araha, layi biyu, da batir mai jure rashin wuta. Batir ɗin da ya kayar da Game Gear shi ne ya ɗaga Tecno.

Waɗanda suka sha irin bugun da Nintendo ya sha a garin nan su ne 'yan fim da marubuta littattafan Hausa, kuma a nan ne abin ya shafi fannina. Faifan fim da a ke sari a Ƙofar Wambai kaset ɗinsu ne, littafin da a ke bugawa a kai kasuwa shi ma haka. Da waya ta yawaita a shekarun 2010, sai masu turawa suka zauna da kwamfuta suna zuba wa mutum fina-finai a katin ajiya a kan kuɗi kaɗan, littattafai kuma suka koma yawo a WhatsApp. Suna da labarai da taurarin da ba a samu a wani wuri, kamar yadda Nintendo ke da Mario, amma ba su da ƙofar da za su tsaya su karɓi kuɗi. Da suka koma YouTube da fina-finai masu dogon zango, sai suka zama 'yan haya a kasuwar wani, shi ke yanka musu abin da ya ga dama daga kuɗin talla. Ban ce laifinsu ba ne. Ƙera akwati sai mai masana'anta. Amma ma'aikatan da ke tsara manufofin ciniki da haƙƙin mallaka, waɗanda wasunsu ke zaune a nan, ya kamata su san cewa a ƙofa aka yi asarar, ba a wajen basira ba.

Dabarar Nintendo kuma tana da nata farashi, kuma irinmu ne ke biya. Wanda ya ƙi karya kuɗin kayansa ya zaɓi abokan cinikinsa ke nan. Switch 2 ya fito ranar 5 ga Yuni, 2025, a kan dala 449.99, aka sayar da miliyan 3.5 cikin kwana 4. A canjin wancan lokaci kuɗin ya tasam ma naira 700,000, watau albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 har na wata 10, ba a sayi kaset ko ɗaya ba.

Saboda haka yaron Kano ya nemi tasa hanyar. In kun bi ta kasuwar waya ta Farm Centre, nan kusa da mu, za ku tarar da samari suna miƙa waya a sa musu wata manhaja mai suna PPSSPP, wadda wani mutumin Suwidin, Henrik Rydgård, ya saki kyauta a 2012. Aikinta shi ne ta sa waya ta kwaikwayi PSP. A cikinta su ke buga ƙwallo, an ma sauya wa 'yan wasan riguna da sunaye sun dace da kakar bana. Akwatin da Sony ya daina ƙerawa fiye da shekara 10 da suka wuce yana nan yana aiki a cikin Tecno, mai turawa ya karɓi ladansa, Sony kuwa ko sisi ba ya gani.